DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: KYAMARORIN FIM A ZAMANIN DIJITAL

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 zai iya tuna yadda sha'anin ɗaukar hoto yake a da. Ranar Salla ko ranar biki mutum yakan ci ado ya tafi shagon mai hoto, a gyara masa zaman hula, a ce kada ya motsa, ya ji ƙyas, sa'an nan a ce ya dawo jibi ko gata idan an wanke. Kafin ranar nan ta zo babu wanda ya san ko ido ya ƙifta ko bai ƙifta ba, har shi kansa mai hoton. In an zo karɓa kuwa, wani lokaci akan haɗa wa mutum da ɗan guntun fim ɗin da aka fitar da hoton daga jikinsa, watau abin da ake kira dodon hoto, saboda baƙar fuska fara take fitowa a cikinsa, farar riga kuma ta fito baƙa.

Yau yaro ɗan shekara goma yana iya ɗaukar hoto ɗari da wayar hannu kafin a sauko daga Idi, ya gan su nan take, ya aika wa dangi a wata ƙasa, bai biya ko kwabo na wanki ba. Saboda haka mai karatu zai zaci tuni an yi jana'izar kyamarorin nan masu cin fim. To, ba haka al'amarin ya kasance ba. A ƙasashen Japan da Jamus da Ingila da Amurka da sauransu akwai ɗimbin mutane, da yawansu matasa waɗanda aka haifa bayan dijital ta kafu, da ke bin kasuwannin gwanjo suna farautar kyamarorin da ƙwararru suka yi aiki da su shekaru arba'in ko sittin da suka wuce. Suna saye, suna kaiwa gyara, suna sa musu fim suna fita aiki da su. Ya kamata mu duba abin da waɗannan mutane suka gani, domin a cikin amsar akwai abin da ya shafe mu.

IRIN KYAMARORIN DA AKE MAGANA

Ba kowace tsohuwar kyamara ce ake rububinta ba. Waɗanda suka fi daraja su ne waɗanda aka ƙera musamman domin 'yan jarida da masu sana'ar hoto, mutanen da abincinsu ya dogara a kan kada na'ura ta ba su kunya a lokacin da ake bukatarta.

Tushen yawancinsu yana garin Wetzlar na ƙasar Jamus, inda wani ma'aikacin kamfanin Leitz mai suna Oskar Barnack ya yi tunanin ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya sa shi a cikin 'yar ƙaramar kyamara wadda za ta shiga aljihun kwat. An fara sayar da ita a shekarar 1925 da sunan Leica. Kafin nan, mai hoto yakan yi fama da babban akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Girman hoton da Barnack ya zaɓa, watau milimita 24 a tsaye da 36 a kwance, shi ne har gobe ma'aunin da manyan kyamarorin dijital ke bi. A 1954 kamfanin ya fito da Leica M3, wadda masu sha'awa da yawa ke ɗauka ba a taɓa ƙera wadda ta fi ta kyawun aiki ba.

Daga nan sai Japanawa suka shigo. A 1959 aka fito da Nikon F, wadda ke da madubi a ciki da ke nuna wa mai ɗauka ainihin abin da gilashin gaba yake gani, kuma ana iya canza mata gilashi da sauran sassa gwargwadon aikin da ya taso. An yi ta ƙera ta har 1973, aka sayar da fiye da 800,000. Ita ce 'yan jarida da yawa suka rataya a wuya a yaƙin Biyetnam. Shahararren ɗan jaridar nan na Ingila, Don McCullin, wanda ya ɗauki hotuna a yaƙin basasar Nijeriya, yana ƙasar Kambodiya a 1970 harsashi ya nufo shi, Nikon F ɗinsa ta tare. Kyamarar ta lotse, shi kuwa Allah Ya yi da sauran kwanansa. Bayanta aka yi F2 a 1971, da F3 a 1980, wadda ta yi shekara ashirin da ɗaya ana ƙera ta, da F4 a 1988, da F5 a 1996, sai autarsu F6 a 2004.

Akwai kuma masu cin fim mai faɗi, wanda hotonsa ke da santimita shida kowane gefe, naɗi ɗaya kuma hoto goma sha biyu kacal yake ɗauka. A cikinsu akwai Rolleiflex ta Jamus mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda aka fara yi a 1929, mai ɗauka yakan riƙe ta a ciki ya sunkuya yana leƙawa ta sama. Akwai Hasselblad ta ƙasar Suwidin, wadda Amurkawa suka tafi da ita duniyar wata a watan Yuli na 1969. Domin rage nauyi, 'yan sama jannatin sukan cire fim ɗin su dawo da shi, su bar kyamarar a can. Har yanzu akwai guda goma sha biyu a kwance a kan wata.

YADDA DIJITAL TA CI KASUWA

Abin mamaki shi ne, a gidan sarkin fim aka haifi abin da ya karya fim. A shekarar 1975 wani matashin injiniya na kamfanin Kodak da ke garin Rochester na Amurka, mai suna Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar da ba ta cin fim. Nauyinta ya wuce kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kawai, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset, sa'an nan a kalla a talabijin. Kodak kuwa ribarsa tana cikin sayar da fim da takarda da ruwan wanki ne, saboda haka bai yi hanzarin rungumar abin da zai kashe masa kasuwa ba.

Wasu suka yi hanzarin. A 1999 Nikon ya fito da D1, kyamarar dijital ta ƙwararru wadda gidajen jarida za su iya saye. Hotonta bai kai na fim kyau ba a lokacin, amma edita ba ya jiran wanki, ga shi an huta da sayen fim. Cikin 'yan shekaru gidajen jarida suka rufe ɗakunansu na wanke hoto. Kamfanin Ilford na Ingila, gwanin fim baƙi da fari, ya durƙushe a 2004, sai da wasu manajojinsa suka saye shi a 2005 suka tashe shi da sunan Harman. A 2006 Nikon ya ba da sanarwar daina ƙera yawancin kyamarorinsa na fim. A 2009 Kodak ya daina yin Kodachrome, fim mai launi wanda ya fara yi tun 1935, wurin wankinsa na ƙarshe a duniya kuma, a wani ƙaramin gari mai suna Parsons a jihar Kansas, ya daina karɓar aiki a ƙarshen 2010. A watan Janairu na 2012 Kodak da kansa ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Canon ya daina sayar da EOS-1V, babbar kyamararsa ta fim, a 2018, Nikon kuma ya rufe babin F6 a 2020.

A tsakiyar wannan guguwa ƙwararru suka yi ta zubar da kayan aikinsu a kasuwa. Kyamarar da a da sai babban gidan jarida ko mai babban shago ke iya mallaka ta koma ana sayar da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Faɗuwar wani tashin wani. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka same ta a araha, suka gwada, suka ji abin da ba su taɓa ji a dijital ba, suka gaya wa abokansu ta intanet. Daga nan farashi ya juyo ya fara hawa.

ME SUKA GANI A CIKINSU?

Abu na farko shi ne ƙira. Kyamara irin su Leica M3 da Nikon F2 da Rolleiflex ba su bukatar batir kafin su ɗauki hoto. Cikinsu kamar cikin agogon wani yake, ƙananan haƙora ne da sifirin na ƙarfe, mai ɗauka ne ke wana su da yatsa duk lokacin da ya ja fim gaba. In sun yi nauyi saboda mai ya bushe, gwanin gyara yakan kwance su, ya wanke, ya sa sabon mai, ya daidaita, su koma kamar jiya aka yi su. Kyamarar dijital kuwa kwamfuta ce mai ido. In wani abu ya ƙone a cikinta bayan kamfani ya daina yin kayan gyaranta, sau da yawa magana ta ƙare. Har ila yau, ingancin hoton dijital yana ɗaure da abin da aka dasa mata ranar da aka ƙera ta, alhali tsohuwar kyamara tana samun sabon ido duk ranar da aka sa mata sabon fim. Wanda ya sa fim ɗin bana a kyamarar 1954 zai sami hoton da ya fi wanda mai ita na farko ya taɓa samu.

Abu na biyu shi ne natsuwa. Naɗin fim na milimita 35 hoto 36 ne, kowane ɗaya kuma kuɗi ne. Mai ɗauka ba shi da allon da zai duba ya ga abin da ya yi. Tilas ya karanci haske da idonsa ko da ma'auni, ya zaɓi yawan buɗewar gilashi da saurin ƙyauren da ke barin haske ya shiga, ya jira lokacin da ya dace, sa'an nan ya danna. Masu wannan sha'awa sukan ce wannan takura ita ce ta koya musu kallo. Wanda ya san harsashinsa ƙidayayye ne ba ya harbin iska. Shi ya sa har yanzu makarantun koyon zane da hoto da dama a Turai da Amurka suke riƙe da ɗakin duhu, suna fara koya wa ɗalibi da fim.

Abu na uku shi ne kamannin hoton. A jikin fim akwai wani shafe mai kama da ƙaro, wanda ake samu daga ƙashi da fatar shanu, a cikinsa kuma an barbaza ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda ido ba ya gani. Inda haske ya taɓa su sukan canza a ɓoye. In aka tsoma fim ɗin a ruwan magani na farko cikin duhu, ƙwayoyin da haske ya taɓa sai su rikiɗa su zama baƙar azurfa. Ruwa na biyu ya narkar da waɗanda haske bai taɓa ba, sa'an nan a ɗauraye a shanya. Wannan ne asalin cewa da muke yi an wanke hoto. Da yake ƙwayoyin nan a warwatse suke, ba a jere sahu-sahu kamar ɗigon dijital ba, hoton yakan fito da wani laushi da ɗan tsakitsaki, wuri mai tsananin haske kuma, kamar farar riga a rana, ba ya saurin ƙonewa ya zama fari fat. Kamfanonin waya da na kwamfuta sun daɗe suna sayar da dabarun kwaikwayon wannan kamanni, abin da ya nuna akwai masu sonsa.

Abu na huɗu, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne dodon hoton kansa. Abu ne mai jiki, wanda ya kasance a wurin da abin ya faru, hasken da ya fito daga fuskar mutumin shi ne ya taɓa shi. Ana iya ɗaga shi sama a duba ba tare da lantarki ko wata na'ura ba. Na baƙi da fari, in an wanke shi da kyau aka ajiye a wuri mai sanyi marar laima, yana haura shekara ɗari. A 2007 aka yi gwanjon wasu akwatuna a birnin Shikago saboda mai su ta kasa biyan kuɗin ajiya. Da aka buɗe sai ga dodannin hoto fiye da 100,000 na wata mai renon yara, Vivian Maier, wadda ta yi shekaru tana yawo da Rolleiflex ba wanda ya san gwanintarta. Yau ana lissafa ta cikin manyan masu hoton ƙarni na ashirin. A ɗaya gefen kuma, a 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya yi hasarar waƙoƙi da hotunan da jama'a suka ajiye a wurinsa na fiye da shekara goma, wajen ƙaura daga wata na'ura zuwa wata. Daɗin daɗawa, ga zamanin da kwamfuta ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a wata babbar gasar hoto ta duniya, sa'an nan ya ƙi karɓar kyautar, yana mai bayyana cewa ba kyamara ce ta ɗauki hoton ba. Ko a zamanin fim an sha yin maguɗin hoto, amma wanda ke riƙe da naɗinsa, hoto na bin hoto a jere, yana da shaidar da ke da wuyar ƙaryatawa.

MASANA'ANTU SUN FARGA

Kyamara komai kyawunta, in babu fim ta zama ƙarfen ado. Fim kuwa ba a yin sa a ƙaramin shago, sai a babbar masana'anta mai injuna masu tsawon gaske da ke aiki cikin duhu, waɗanda ba su biyan kansu sai ana yin da yawa. A nan masu shirya finafinan silima suka taimaka. A 2015 manyan kamfanonin Hollywood suka ƙulla yarjejeniya da Kodak cewa za su ci gaba da sayen fim, bayan wasu daraktoci irin su Christopher Nolan sun matsa. Fim ɗinsa mai suna Oppenheimer, na 2023, a kan fim mai faɗin milimita 65 aka ɗauke shi. Wannan ciniki ya taimaka wajen hana injunan Rochester tsayawa, masu ɗaukar hoto kuma suka ci albarkacinsa.

Da bukata ta ƙaru, sai Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018 bayan ya daina yin sa. A 2022 Leica ya sake ƙera M6, wadda ya fara fitarwa a 1984, ya sa mata kuɗi fiye da dala 5,000, aka kuma samu masu saye. A cikin wannan shekara aka yi gwanjon wata Leica ta gwaji ta 1923, wadda Barnack ya riƙe da hannunsa, a kan Yuro miliyan 14.4. A ƙarshen 2023 Harman ya fito da fim mai launi na kansa, a 2024 kuma aka fito da sabuwar Pentax 17 domin masu koyo, wadda ke raba kowane hoto biyu, naɗi ɗaya ya ba da 72.

GASKIYAR DA BA A ƁOYEWA

Kada mai karatu ya ɗauka fim zai koma kan gadonsa. Kasuwarsa ta yau 'yar kaɗan ce in aka gwada da ta shekarun 1990. Wajen sauri da araha da ɗaukar hoto cikin duhu, dijital ta yi nisan da ba a kamo ta, kuma babu editan da zai koma jiran wanki. Su kansu masu sha'awar, yawancinsu in sun wanke fim sukan mai da shi cikin kwamfuta domin su nuna wa jama'a. Kuɗin fim ya yi ta hawa, kamfanin Fujifilm kuma ya daina yin iri-iri daga cikin nasa.

Babbar damuwar ita ce masu gyara. Waɗanda suka koyi aikin a masana'antun asali sun tsufa, suna ta raguwa, kayan gyara kuma sai dai a kwance wata kyamara a gyara wata. Ma'aunin haske na wasu tsofaffin yana bukatar batir mai sinadarin zaiba, wanda aka hana yi saboda gubarsa. Soson da ke toshe kafofin haske yakan narke ya zama danƙo. Masu lantarki a ciki, irin na shekarun 1990, su ne suka fi shiga haɗari, don haka sau da yawa wadda ta fi tsufa ita ce ta fi tsawon rai a gaba. A ƙasashe masu zafi irin namu kuwa akwai ƙarin wahala, domin zafi yana lalata fim in ba a sa shi a firji ba, laimar damina tana sa gilashi ya yi furfura, ƙurar hunturu kuma ta shiga ko'ina.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba muna kira ga kowa ya jefar da wayarsa ya nemi Leica ba ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne darajar da duniya ke ba abin da waɗannan kyamarori suka bari, domin mu ma muna da shi jibge. Seydou Keïta na birnin Bamako ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban dodannin hotunan mutanen garinsu, sai a farkon shekarun 1990 Turawa suka neme shi, aka wanke su aka nuna a Faris, sunansa ya zaga duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya sami babbar lambar girma ta bikin zane na birnin Benis a 2007. A nan gida, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, aka nuna su a Benis a 2013, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Hotunan Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington. Duk waɗannan sun tsira ne domin masu su ba su zubar da dodannin ba.

To, ina na shagunan Kano da Zariya da Kaduna da Jos da Sakkwato da Maiduguri? Masu hoton nan sun ɗauki hawan Salla da naɗin sarauta, da amare da angwaye, da alhazai ranar tashi, da ɗalibai ranar gama makaranta, da tituna da gine-ginen da yau babu su. Da yawa daga cikin shagunan sun rufe, masu su sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya, kwalayen kuma suna can a zaure ko a ɗakin shirgi, gara da ɗigar ruwa suna aikinsu, in ma magada ba su ƙone su a matsayin shara ba.

Saboda haka duk wanda ya gāji irin wannan kwali, ya sani dukiya ce a hannunsa. Ya fitar da shi daga laima da rana, kada ya riƙa taɓa fuskar fim ɗin da yatsa, ya raba su a cikin takarda mai tsabta, wanda ya fara warin tsami ya ware shi daban domin yana harbin sauran. Ya nemi dattawan da za su iya gane fuskoki, ya rubuta suna da gari da shekara tun suna raye. In ya ga tsohuwar kyamara a ciki, kada ya ba yara wasa, kada kuma ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo kafin ya tambayi wanda ya sani. Muna kuma roƙon jami'o'inmu, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, su tashi su bi waɗannan shaguna tun kafin a makara, su tattara, su kwafa a kwamfuta, su kuma adana na asalin.

Hotunan da ke cikin wayoyinmu ma, ya kyautu mutum ya zaɓi goma ko ashirin a kowace shekara ya kai a buga masa a takarda, ya rubuta bayani a bayansu, ya sa a akwati. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, lambar sirri kuma takan tafi kabari tare da mai ita. Jikokinmu za su so su ga fuskokinmu kamar yadda muke son ganin na kakanninmu. Allah Ya ba mu ikon adana abin da muka gada.